Nikon Coolpix P1000 a bakin teku: ta iya kama koren ƙyallin faɗuwar rana?

Masu son ɗaukar faɗuwar rana a teku suna yawan tambaya a kan wannan kyamara da Nikon ta fitar a 2018, saboda ƙarfin zuƙowarta ninki 125, daga 24mm har 3000mm. Abin da suke farauta shi ne ɗan koren hasken da ke bayyana a saman rana daidai lokacin da za ta nutse, wanda ba ya wuce daƙiƙa ɗaya zuwa biyu. Iskar da ke kusa da ruwa ce ke lanƙwasa haske, ta raba launukansa. Ja yakan riga ɓacewa, shuɗi ya watse a hanya, kore ya rage a baki. Siririn layi ne ƙwarai, ba ya fitowa sosai sai kawalwalniya ta kumbura shi, musamman idan ruwan ya fi iskar da ke kansa ɗumi. A irin wannan yammacin za ka ga wata rana ta taso daga cikin ruwa ta haɗe da ta sama, kamar tulu a kan gammo. Da ka ga haka, ka shirya.

Wajen zuƙo abu mai nisa, lokacin da P1000 ta fito ba ta da abokiyar gasa a farashinta. Faɗin rana a sama kusan rabin digiri ne, kuma a 3000mm ta cika hoton daga sama har ƙasa. Sai dai kada ka kai ƙarshen zuƙowar. Rana tana tafiyar faɗinta cikin kamar minti biyu, ka ɗan yi sakaci ta fice maka, ga rawar iska mai zafi da ke dagula hoto. Tsakanin 1500mm da 2000mm ya fi, inda ruwa da rana duka za su shiga.

Saitin da ke aiki: juya zuwa M (saitin hannu), ISO (ƙarfin karɓar haske) 100, launi a kan hasken rana ba na otomatik ba, don na otomatik yana wanke koren. Rage haske sosai, har sama ta yi duhu. Mafi yawan waɗanda suka rasa ƙyallin a nan suke faɗuwa: sensar kyamarar, wato sashen da ke karɓar haske, ƙarama ce, irin ta ƙananan kyamarori, haske na yin yawa sai koren ya koma rawaya ko fari, kuma ko a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba, ba ya dawowa. Saita gani (focus) da hannu a kan wani jirgi mai nisa ko layin da ruwa ya haɗu da sama, domin na otomatik yana ta kai-komo idan an zuƙo sosai.

Babban aibinta shi ne ɗauka a jere. Hoto bakwai take yi a daƙiƙa, amma bayan bakwai ɗin sai ta tsaya tana adanawa, ƙyallin kuwa ba ya jiran kowa. Bidiyon 4K mai hoto 30 a daƙiƙa ya fi tabbas. A fara tun rabin rana ya nutse, daga baya a ciro hoton da ake so.

Nauyinta kusan kilo 1.4, kuma idan gilashin ya miƙe sai ta rinjaya gaba, saboda haka mazauni mai ƙafa uku mara ƙarfi ɓata lokaci ne. A kashe VR, wato mai rage girgizar hoto, idan tana kan mazaunin, a yi amfani da rimot ML-L7 don hannu kada ya girgiza ta. Batirin EN-EL20a hoto kusan 250 yake yi, bidiyo kuma yana shanye shi da wuri, a riƙe na biyu. Ba a rufe jikinta daga ruwa ba, feshin gishiri kuwa yana shiga wuyan gilashi, a goge ta kafin a maida shi ciki. Kada a auna ta ga rana tana sama ba tare da matatar hasken rana mai 77mm ba, sensar na iya ƙonewa.

Wuri ma yana da nasa. Gaɓar Legas da ta Akara kudu suke kallo, ba su dace sosai ba. Dakar, Kribi a Kamaru, da bakin tekun Jidda suna fuskantar yamma, amma idan akwai hazo rana takan ɓace tun ba ta taɓa ruwa ba. Wanda nauyi ya dame shi, P950 ta 2020 tana kai 2000mm da kilo ɗaya kacal, kuma don wannan aikin ta wadatar.