Gargaɗi kan masu maganin "ciwo ne yake fita"

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram. Don Allah duk wanda ya karanta wannan ya kai wa iyayenmu da ba su duba waya, domin su ne aka fi cuta da wannan damfara.

Akwai masu sayar da magani da suka addabi gari. Wani lokaci ka gan su da mota da lasifika a bakin Kasuwar Dole ranar Alhamis, wani lokaci muryarsu ce ke yawo a WhatsApp, a ce ka tura kuɗi ɗan kabu-kabu ya kawo maka har gida. Kwalba ce ta ruwan sha da aka sake cikawa, ba suna, ba ranar lalacewa, ba adireshin wanda ya haɗa. Ita kaɗai wai tana maganin suga, hawan jini, basir, sanyi, shawara, har da daji.

Tarkon yana cikin maganar da suke yi tun kafin ka kai kwalbar baki: "Hajiya, za ki ji jiki kwana uku zuwa bakwai, kada ki tsorata, datti ne zai fita. Kuma ki ajiye na likita, ba sa haɗuwa." In amai da gudawa suka taso ka kira shi, sai ya ce: "Alhamdu lillahi, ya kama aiki. Ciwon naki tsoho ne, sai an ƙara kwalba biyu." Ku duba yadda ya toshe kowace ƙofa. In ka ji sauƙi, maganinsa ne. In ka ƙara jigata, maganinsa ne. Babu halin da za ka shiga ya ce maka ka daina, saboda ranar da ka daina ciniki ya tsaya.

Wata gwaggonmu a Birni mai ciwon suga ta faɗa hannunsu. Ta ajiye ƙwayoyinta, ƙishirwa ta dame ta, fitsari ba dare ba rana, tana ramewa, ana ce mata sugan ne ke zuba. Da aka kai ta asibiti ba ta gane kowa. Allah Ya tashi kafaɗunta, amma lambar mutumin ta daina shiga tun ranar.

Abin da suke kira fitar datti, galibi aikin mai sa zawo ne irin filasko da aka zuba ba awo. Gudawa ba ta wanke suga, ba ta wanke hawan jini. Ruwa da gishirin jiki take kwashewa, kuma a garin da zafi ke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, tsoho ko yaro ba ya daɗewa a haka kafin ƙoda ta fara gazawa. Shi kuwa hawan jini ba ya sallama. Mutum zai ajiye ƙwayarsa ya ji garau, sai wata safiya a tarar baki ya karkace, hannu ya mutu.

Akwai wanda ya fi wannan muni. A ƙasashe da dama an auna irin waɗannan kwalabe an tarar an niƙa maganin bature a ciki, musamman dexamethasone da diclofenac, don mai sha ya ji ciwon gaɓɓai ya lafa nan take ya dawo ya saya. Dexamethasone in an daɗe ana sha yana kumbura fuska, ya ɗaga suga da jini, ya raunana garkuwar jiki. Iyaye mata su ga fuska ta cika su ce an yi ƙiba, an samu lafiya, alhali kumburi ne. Diclofenac kuma yana cin ciki har ya yi jini, yana taɓa ƙoda. Mai gyambon ciki da aka ba shi wannan da sunan saiwa, an zalunce shi zalunci babba.

Ni ba na ƙin maganin gargajiya. Da zogale da sabara muka tashi, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro da likita ke rubutawa yau asalinsa ganye ne dangin tazargade, wanda Tu Youyou ta ƙasar Sin ta samu kyautar Nobel a kansa a 2015. Amma sai da aka tace shi, aka auna, aka san nawa ne ke warkarwa, nawa ne ke cutarwa. Mai maganin kirki na unguwa ma an san gidansa, an san ubansa, kuma in abu ya fi ƙarfinsa da bakinsa zai ce a tafi asibiti. Likitoci su ma sun san wasu ƴan cututtuka, kamar tunjere, da allurar farko kan tayar da zazzaɓi da rawar ɗari, sai dai abin kan lafa cikin kwana ɗaya, kuma akwai mai lura da kai. Wannan bai yi kama da mako guda mutum yana kwance yana amai ba.

To, in ka riga ka fara sha kuma jiki ya ƙara lalacewa, ajiye kwalbar yau, kada ka jira kwana bakwai ɗinsa su cika, kada kuma ka kira shi neman shawara. In gudawa ce, fara shan ruwan gishiri da suga na leda da ake samu a farmasi, ka nufi likita mafi kusa. In ido ya yi rawaya, ko fitsari ya ragu ko ya yi duhu, ko ƙafa ta kumbura, ko bayan gida ya yi baƙi, ko ana aman jini, ko numfashi ya yi sama, ko mutum ya fara sambatu, wannan ba na jiran gobe ba ne, a wuce asibitin ƙasa ko da tsakar dare ne. Mai ciki da ƙaramin yaro kuwa a kai su tun alamar farko. Wanda ya yi makonni yana sha har fuska ta kumbura, shi kada ya yanke lokaci ɗaya da kansa, domin yanke dexamethasone farat ɗaya na da haɗari. Ya ga likita a ranar, a rage masa a hankali.

Ku tafi da kwalbar, ku faɗi gaskiyar abin da aka sha da ranar da aka ajiye maganin asibiti. Kunya ko tsoron faɗa kada su sa ku ɓoye, don likita ba zai iya aiki da abin da bai sani ba. Masu shan maganin tarin fuka na wata 6 da masu karɓar maganin ƙanjamau, in an sa ku kun tsaya, ku koma inda kuke karɓa ku sanar da su.

Kuma kada ku goge saƙon muryarsa da lambarsa da takardar tura kuɗin. Ku kai wa mai unguwa ko komisariya, domin in ya bar nan, kasuwannin Mirya da Matamaye da Magarya zai nufa da sauran kwalaben.