Ƙwallon gilashi ko ɗigon silikon: wanne ya dace da kyamarar waya?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya cewa yana son ya haɗa lensi da hannunsa, wato gilashin ƙara girma, ba tare da injin gogewa ba, don ya riƙa duba ƙananan abubuwa da kyamarar wayarsa. Ya ji ana narka gilashi a wuta, ya kuma ji ana ɗiga silikon a bar shi ya daskare. To wanne zai kama?

Malam, hanyoyin nan biyu uwarsu ɗaya. Duk abin da ke ruwa-ruwa, fuskarsa takan tsuke ta dunƙule da kanta, kamar yadda raɓa ke zama a kan ganye. Santsin da wannan tsukewa ke bayarwa ya fi wanda hannun ɗan koyo zai goge. Aikinka kawai shi ne ka sa abin ya daskare yana cikin wannan siffa.

Ta gilashi ce tsohuwa. Tun ƙarni na 17 Robert Hooke na Ingila ya bayyana ta: a zafafa siririn gilashi har ya yi laushi, a ja shi ya zama zare, a mayar da bakin zaren cikin wuta, sai ya naɗe ya zama ɗan ƙwallo. Antonie van Leeuwenhoek, ɗan kasuwar tufafi a garin Delft na ƙasar Holan, da ƴan mitsi-mitsin lensi ya fara ganin ƙananan halittun da ido ba ya gani cikin ruwa a shekarun 1670, kuma binciken da aka yi wa ɗaya daga cikin na'urorinsa ya nuna irin wannan ƙwallon ne a ciki, har da guntun zarensa.

Ƙarfinsa yana cikin ƙanƙantarsa. Ƙwallo mai faɗin milimita 2 yana ƙara girman abu kusan sau 170, mai milimita 1 kuwa ya haura sau 300. Sai dai a nan wahalar take. A ƙwallon milimita 2, abin da kake dubawa dole ya tsaya rabin milimita daga jikin gilashin, numfashinka ma ya isa ya ɓata hoton. Tsakiya kaɗai ke fita tas, gefe duk hazo ne, shi ya sa ake cusa ƙwallon cikin ɗan ƙaramin rami a jikin farantin ƙarfe don a toshe hasken gefe. Kuma kada ka yi da kyandir, hayaƙinsa yana baƙanta gilashi. Harshen wutar gas mai shuɗi ake so, ka kuma kare idonka. Ka yi da yawa ka zaɓa, don wasu za su fito da kumfa a ciki.

Silikon kuwa sabon shiga ne. A 2014 wasu masu bincike a wata jami'a ta Ostireliya suka nuna cewa in aka ɗiga silikon mai garai-garai da ake kira PDMS a kan gilashi, aka kife shi ɗigon yana reto ƙasa, aka gasa a zafin digiri 70, zai daskare ya zama lensi. Nauyinsa ne ke jan sa ya yi tsini kaɗan, kuma duk ɗigon da ka ƙara a kan na farko yana ƙara lanƙwasar, ƙarfin ya ƙaru. Wannan shi ne abin da ƙwallon gilashi ba ya ba ka: zaɓi. Ga shi bayansa a shafe yake, yana manne wa gilashin kyamara ba sai da gam ba, ka ɓare shi in ka gama.

Rauninsa biyu ne. Bai kai gilashi lanƙwasa haske ba, ma'auninsa wajen 1.4 ne, na gilashi 1.5, don haka a girma ɗaya gilashi ya fi shi ƙarfi. Sannan ƙura tana liƙe masa. Samun kayan ma aiki ne: kala biyu ake haɗawa, kashi 10 da kashi 1, a jira kumfa ta fice. Silikon ɗin da ake toshe gefen taga da shi ba zai yi ba, a dushe yake. Wasu na gwada gam ɗin efoksi, yana yi, amma yakan koma ɗorawa in ya daɗe.

Kafin ka kashe ko sisi, ɗiga ruwa tsabtatacce a kan farar leda mai garai-garai ka ɗora a kan rubutu. Lensi ke nan, ma'auninsa 1.33, sai dai ba ya jimawa ya bushe. Da shi za ka koyi riƙe nisa da saita haske.

Tunda waya ka ambata, ni silikon zan ce ka yi. Zaren tufa, fiffiken ƙuda, gashi, duk za su fito, kuma hannu ba zai sha wuya ba. In burinka ganin abin da ke iyo cikin ruwan kududdufi ne, to sai ƙwallon gilashi, tare da mariƙi mai ƙusa mai juyawa da zai riƙa matsar da abin dubawar a hankali, irin wanda Leeuwenhoek ya sa wa nasa. Ko wanne ka ɗauka, ba zai wuce ƴan milimitoci ba, domin da ɗigo ya girma nauyi ke rinjayar tsukewar ya baje shi. Kada ka sa ran tabarau daga nan.