Ɗanyen itace ko busasshen katako: wanne za ka ɗora a injin sassaƙa?

Matasa masu koyon sassaƙa da injin juyawa nan Zariya sun yi ta tambayata wanne ya fi wa mai ƙaramin jari.

Ta wajen kuɗi, ɗanye ya fi sauƙi. Idan aka sare darbejiya ko mangwaro a Samaru ko Tudun Wada, sau da yawa kuɗin dako kawai za ka biya. Yana kuma yankuwa da laushi, ba ya saurin dakushe ƙarfe. Matsalarsa tsagewa. Ka raba gungumen biyu, ka cire zuciyarsa, don daga nan tsaga take farawa. Ka shafe bakunan biyu da narkakken kyandir ko tsohon fenti. In akushi za ka yi, fara sassaƙe shi da kauri, kamar kashi 10 cikin 100 na faɗinsa, ka tura shi cikin buhun takarda tare da ɓarɓashin itacen da ya fita wajen sassaƙa, ka ajiye a inuwa. Iskar hunturu ce babbar abokiyar gabarsa. Cikin 'yan kwanaki sai ka ga ya dare. Kuma sai ya yi watanni yana bushewa kafin a ƙarasa shi.

Busasshen maɗaci daga masu katako a Sabon Gari yana da tsada, amma yau ka saya, yau ka fara aiki. Ka dai duba ƙusa da ramukan ƙwaro, ka rufe hanci saboda ƙura.

Mai koyo da ke da haƙuri da wurin ajiya, ɗanye ya dace da shi. Wanda aka ba aikin ƙafafun kujera ana jira, ya sayi busasshe.