Shagon turin fim na Yelwa: na da a kan sefa 100

Shagunan tura fim a waya sun cika Garwa, kuma kusan duk kayansu ɗaya ne: sababbin fina-finai masu dogon zango, Indiya-Hausa, waƙoƙin biki. Wanda zan yi magana a kansa yana unguwar Yelwa. Ɗan ɗaki ne mai benci ɗaya da fanka, sai kwamfuta a kan tebur da igiyoyin caji ko'ina. Abin da ya raba shi da sauran shi ne mai shagon ya tara na da, tun na zamanin kaset. A cewarsa wajen kawunsa ya gaji yawancinsu, wanda ya daɗe yana ba da hayar kaset, yana saro su daga Yola da Mubi.

Fim ɗaya sefa 100 ne, idan kuma da yawa kike so ana yin ciniki. Abin da ya fi burge ni shi ne ba sai kin tuna sunan fim ba. Mai shagon yaro ne, bai wuce sa'ar ɗana na fari ba, amma sai ki ce tare muka yi kallon. In na fara kame-kame sai ya ce, "Hajiya, wa ya fito a ciki? Aure aka yi a ƙarshe ko mutuwa?" Daga nan ya lalubo. Wannan kaɗai ya isa a biya shi, domin a intanet in ba ki da suna ba ki da komai.

Da Sangaya na fara, don shi ne ya riƙe gidanmu a 1999. Mu matan aure a lokacin kaset ne sinimarmu. A fito da tele tsakar gida bayan isha'i, maƙwabta su shigo da tabarminsu. Ali Nuhu yana ɗan sarki, Fati Muhammad tana yarinyar da ke aiki a gidan sarautar. Yanzu da na zauna da 'ya'yana mata muka kalla, gaskiya labarin siriri ne ƙwarai, kuma tun daga farko mutum ya san inda za a sauka. Kyamara a kafe take wuri ɗaya, wani lokacin ƙarar iska ta fi muryar mai magana. Waƙar ce ta ɗauki fim ɗin a wancan lokacin, kuma ita ce har yau take da rai: kiɗan fiyanon nan na tashi, bakina ya kama bi ban shirya ba. 'Yan matan nawa dariyar ɗaurin ɗankwali da takalman samari suka yi ta yi, amma washegari na ji ƙaramar tana rera ta a bakin murhu.

Sauran na soyayya da suka biyo bayansa, waɗanda aka yi ta yi a farkon shekarun 2000, da yawa ban iya kai su ƙarshe ba. Waƙa a lambu, kuka, waƙa a bakin ruwa, uwar miji ta yi tsawa, wata waƙar. In kika cire raye-rayen, abin da ya rage ba zai kai rabin awa ba. Sai dai ganin marigayi Ahmad S. Nuhu, wanda haɗarin mota ya ɗauke ranar 1 ga Janairun 2007, ya sa na bar wasu suna tafiya ko da labarin ya gundure ni. Yana da wani sanyin magana da ban ga wanda ya gaje shi ba.

Inda kuɗina ya fita shi ne wasan Samanja. Marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanjan da kansa, tsohon soja ne, kuma mu nan tun a Rediyon Kaduna muka san muryarsa kafin mu ga fuskarsa. Hoton da ke shagon ya dushe, fuskoki duk sun yi toka-toka, ɗakin da ake wasan ma ko ado babu. Amma ba a gina wasan a kan hoto ba, a kan baki aka gina shi: Hausar bariki, tsawar da ba ta tsorata kowa, rigimar matan soja, ƙaramin ma'aikaci mai jin kansa a gida amma yana rawar jiki gaban na sama. Waɗannan mutanen har gobe suna nan, a Kaduna suke ko a Garwa. Maigidana, wanda yake cewa kallon fim aikin marasa aiki ne, da ya ji muryar daga ɗaki sai ga shi ya jawo kujera.

Na Ibro kuwa kashi biyu ne. Rabilu Musa, Allah ya jiƙansa, ya rasu a Disambar 2014, kuma fina-finansa suna da yawan da ba a rasa na banza a ciki. Wanda ya fito a talaka mai wayon tsiya, mai cin bashi, mai yi wa mai gari ƙarya ido da ido, wannan bai tsufa ba ko kaɗan. Ya san lokacin da zai yi shiru ya bar fuskarsa ta ƙarasa maganar. Amma barkwancin wancan zamanin na kwaikwayon yadda wasu ƙabilu ke karya Hausa, yanzu ba ya shiga min. Wataƙila don zaman da muke yi ne. A nan Fulatanci ne harshen kasuwa, Faransanci na makaranta da ofis, mu ma in mun buɗe baki da yaren wani ana jin tuntuɓenmu. Maƙwabciyata Bafaliya tana zaune aka zo irin wannan wurin, sai na ji kunya ta kama ni, na tura gaba.

Na Indiya ba zan daɗe a kansu ba. Sholay na 1975 ya haura awa uku, kuma har yau in Gabbar ya fito yara sukan yi tsit. Na roƙi yaron ya ba ni wanda ba a fassara ba, don haka muka san shi; a ganina muryar mai fassara tana danne tsoron da ke cikin ta Amjad Khan, wanda ya fito a Gabbar. Ya samo min, sai dai shi kaɗai ne irinsa a shagon, sauran duk fassararru ne.

Shagon yana da nasa aibin. Yawancin na Hausa daga kaset aka kwafo su yadda suke, har da tallan wasu fina-finai da ke farkon kaset, wanda kan ci minti da yawa kafin a shiga labari. Wasu hoton yana rawa daga ƙasa, wasu murya tana riga baki. Mafi ciwo shi ne fim mai kashi biyu ko uku a ba ki na ɗaya da na uku. Sunayen da ke kan fayil ma ba duka ne daidai ba, don haka ki sa ya buɗe miki farko da ƙarshen kowanne kafin ki miƙa kuɗi. Ba ya musu, kuma in kin dawo da wanda ya ƙi buɗewa yana canzawa kyauta. Memorin da yake sayarwa kuwa kada ki saya. Wanda na karɓa an rubuta giga 32 a jiki, bai ci rabin haka ba ya fara cinye abin da aka zuba masa. Ki je da naki, ko filas in a tele za ki kalla.

Mace ta je da hantsi. Bayan la'asar samari ne cike da bencin, ga hayaniyar ƙwallo, kuma in wuta ta ɗauke sai a jira, don ba shi da janareta.

Akwai abin da ke ɗan tsaya min a rai. A cikin sefa ɗarin nan ko dala ba ta isa hannun waɗanda suka yi fim ɗin, ko iyalan waɗanda suka rasu. Na faɗa masa haka, sai ya ce, "Hajiya, in kin san inda ake sayar da na asali a garin nan, ki kai ni in saya." Na ba shi sautun Gimbiya Fatima na 'yan Tumbin Giwa, ya ce zai tambayi wani abokin sana'arsa a Marwa.