Lambun tafkin Sankeng: wurin ya yi, amma ƙwarin rana sun ci rabin daɗin

Maganar gaskiya, lambun Sankeng da ke gundumar Longtan a Taoyuan, ƙasar Taiwan, ya burge ni. Shiga kyauta ne. Tafki ne a tsakiya, ciyawa shimfiɗe, rumfunan katako, ga 'yar ƙorama marar zurfi da yara ke tsoma ƙafa. Kogin Dahan na kusa, madatsar ruwan Shimen ma ba nisa. Kafin mutum ya kewaye tafkin bai ma fara gajiya ba.

To amma ƙwarin nan! Ba sauro ba ne. Wasu baƙaƙen ƙananan ƙudaje ne da tsawonsu bai kai milimita 2 ba, sai ka zura ido za ka gan su. Ba sa kuka a kunne, cizon ma ba ka jin sa lokacin. Sai daga baya ƙwauri ya yi ruɗu-ruɗu da jajayen ƙuraje, ƙaiƙayin ya bi ka har gida ya kwana da kai kwanaki. Da rana suke fita, musamman daga hantsi zuwa bayan azahar, wato daidai lokacin da kowa ke neman inuwa. Inuwar kuwa nan ce matsalar: 'ya'yansu na cin gansakukar da ke fitowa a ƙasa mai danshi, gindin bishiya da gefen ruwa. Ƙasa-ƙasa suke tashi, shi ya sa ƙafa ce ke shan wahala. Wanda ke tafiya ko tuƙa keke ba su cika samun sa ba. Wanda ya shimfiɗa tabarma ya miƙe ƙafa shi ne abincinsu. Maganinsu shi ne dogon wando, safa, rufaffen takalmi, da man korar ƙwari mai sinadarin DEET ko Picaridin. Mai ƙamshin ganye kawai ba ya daɗewa, kada ka dogara da shi. In an cije ka, ɗora ƙanƙara, kada ka sosa.

Abin da ya ɗan wanke min zuciya shi ne tsohon layin Sankeng, mintuna kaɗan a keke. Unguwar Hakkawa ce (Hakka, wata al'umma mai asali daga China), layin gajere ne, matsattse, mai lanƙwasa, yana ƙarewa a wani wurin bauta mai suna Yongfu. A nemi niu wen shui: curin shinkafa mai danƙo a cikin ruwan sukari ja da citta, an barbaɗa dakakkiyar gyaɗa. Da zafinsa ake sha, in ya huce ya yi tauri. Caibao kuwa, wani curin garin shinkafa da ake turarawa da haɗi a cikinsa, wanda kowa ke layi a kansa, Musulmi ya yi hattara: yawanci akwai naman alade a cikin haɗin, ko an soya shi da kitsensa. Sai an tambaya ko akwai na masu cin ganye zalla.

Ranar aiki shaguna da yawa a rufe suke, ƙarshen mako kuma layin ba masaka tsinke. Afrilu zuwa Mayu ne fararen furannin bishiyar tung ke zubowa a tsaunukan yankin, sai dai lokacin ne ɗumi da danshi ke dawo da ƙwarin. Ni dai na ba lambun uku cikin biyar, kuma da gajeren wando ban ba kowa shawarar zuwa ba.