Jinyar fata da haske a Saudiyya: wace na'ura ce ta dace da ciwonka?

Wanda ya daɗe yana shafa man asibiti a kan sadafiyya, ciwon da ke sa fata kauri da ɓamɓaroki, ko albaras da Larabawa ke kira buhaƙ, ko ƙaiƙayin ikzima mai hana barci, wata rana likitan jildiyya, wato likitan fata, zai ce masa a gwada haske. Kafin ka zaro riyal, ka bari likita ya tabbatar ba kyasbi ba ne ko makero, don waɗannan magani ke kashe su, ba ruwansu da fitila.

Idan ciwon ya bazu a jiki, babu kamar hasken UVB mai ƙunƙuntar zango, wani ɓangare na irin hasken rana da ido ba ya gani, wanda tsawon zangonsa nanomita 311 ne. Za ka shiga wani ɗan ɗaki zagaye da dogayen fitilu, ka sa tabarau na musamman, namiji kuma ya rufe al'aurarsa. Da daƙiƙoƙi ake farawa, ana ƙarawa a hankali har zuwa mintuna. Sau biyu ko uku ake zuwa a mako, kuma mai sadafiyya kan yi zama 20 zuwa 30 kafin fata ta washe. Mai albaras kuwa watanni zai ɗauka. Ana yi wa mai juna biyu, ana yi wa yara. Mu masu baƙar fata galibi sai an ƙara mana ƙarfin hasken, kuma jiki zai ƙara duhu kafin daga baya ya dawo.

Wahalarsa a zirga-zirga take. Direban gida a Jidda ko mai tsaron shago a Makka, wane kafili ne zai riƙa sakinsa sau uku a mako? In ka tsallake makonni, dole a rage hasken ko a koma farko. Shi ya sa na fi son asibitin da ke kusa da unguwarka a kan wanda ya yi suna a can ƙarshen gari. Ka tambayi kuɗin kowace jalsa, wato zama, ka kuma nemi amincewar ta'amin, wato inshorar lafiya, tun kafin zaman farko.

In tabon bai wuce tafin hannu ba, lesar ekzaima mai nanomita 308 ta fi. Wurin kawai take haskawa, zama bai kai na ɗakin yawa ba, sai dai kowane zama ya fi tsada kuma takan tayar da bororo. Mai albaras ya sani: fuska da wuya ne ke saurin dawo da launi, yatsun hannu da na ƙafa kuwa taurin kai gare su ko da wace na'ura.

PUVA, wato haɗa ƙwayar magani da haske, tsohon hannu ne, tun 1974 aka fara shi a Amurka. Za ka sha ƙwayar soralin, mai sa fata ta ƙara jin haske, awa biyu kafin a haska maka UVA, ɗan'uwan UVB. Yana da ƙarfi a kan kaurin tafin hannu da ƙafa, amma ga tashin zuciya, ga yini cikin baƙin tabarau kana gudun rana, wanda a Makka ba ƙaramin aiki ba ne. Yawan yinsa na ƙara haɗarin sankarar fata, kuma ba a ba mai ciki.

Fitilar hannu ta gida tana da amfani ga wanda zuwa asibiti ya gagara, musamman mai ciwo a fatar kai, don akwai mai haɗe da matsefi. Ka duba tana da rajistar hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya, ƙwan kuma na UVB ne mai ƙunƙuntar zango, irin na Philips mai lamba 01. Likita ne zai rubuta maka lokacin, don mutane da gaggawa suke ƙona kansu.

Gadajen haske masu ƙara wa fata duhu na wuraren kwalliya kuwa ka ƙyale su, tun 2009 hukumar binciken sankara ta duniya ta sa su a sahun farko na masu jawo sankara. Kuma in kana da lufus, ciwon da garkuwar jiki ke yaƙar jiki, ko kana shan maganin ƙwayoyin cuta na dokisaikilin, ka faɗa wa likita kafin a kunna maka ko wace fitila.