GitHub ko GitLab: A Ina Za Ka Fara Lalube?

Kusan kowane mako sai wani mai koyon rubuta manhaja ya tambaye ni: ina zai samu ayyukan da kowa ke iya karantawa ya sa hannu, GitHub ko GitLab?

Dukansu dandali ne na intanet da ake ajiye rubutun manhaja a yi aiki a kansa tare. Kuɗi ba matsala ba ne, buɗe asusu kyauta ne a duka biyun. Wajen yawa kuwa, GitHub kamar Kantin Kwari ce a jajibirin sallah. Tun 2023 masu amfani da ita suka haura miliyan 100. Ka nemi alamar "good first issue", sai ga ƙananan gyare-gyare da aka ware wa sabon shiga. Amma fa ka duba ranar gyara na ƙarshe, don ayyukan da masu su suka watsar sun fi a ƙirga. Kuma Microsoft ce ta saye ta a 2018, ita kanta manhajar dandalin a rufe take, wato ba kowa ke iya karanta rubutunta ya sa hannu ba.

GitLab kana iya girka ta a kan sabarka, wato kwamfutarka da wasu ke shiga ta intanet, kamar yadda GNOME da Debian, manyan ayyukan manhaja da kowa ke iya sa hannu, suka yi. Illarta, ayyukan a warwatse suke, kowane gida sai ka sake rajista.

Mai koyo da mai neman a san aikinsa, GitHub ta fi dacewa da su. Ƙungiyar da ke son riƙe kayanta a hannunta, ta duba GitLab.